Musayar Waƙa a Kan Lamba 142857

Malamin Lissafi:

Na kawo muku wata lamba, 'yan'uwa, ku yi dubawa,
142857 ce, mai alƙaluma shida masu zagayawa.
In an ninka ta sau biyu, 285714 ke fitowa,
Sau uku kuma 428571, babu baƙon da ke shigowa.
Har zuwa sau shida alƙaluman nan ne ke sauya wurin tsayawa,
A sau bakwai kuwa 999999 ce ke bayyanawa.
Wane ne zai faɗa mini dalilin wannan juyawa?

Ɗaliba:

Allah gafarta Malam, ni ma na zauna na bincike ta,
Na tsaga ta biyu, 142 da 857, na haɗa, 999 ta fito daga cikinta.
Jimillar alƙaluman 142857 kuwa 27 ce, kuma 27 ɗin tana raba ta,
Sau 5291 daidai, babu ragowar da ke biyo bayanta.
Lambar da jimillar alƙalumanta ke raba ta Harshad ake ce mata, sunan da Kaprekar ya raɗa mata,
Mutumin Indiya da ya yi shekaru a Devlali yana koyarwa a makaranta.
Amma hikimar zagayawar, Malam, har yanzu ina neman ta.

Tsohon Akanta:

'Yata, sannu da ƙoƙari, akwai abin da ba ki ambata ba,
In an ninka ta da kanta, 20408122449 ce, ba wata ba.
A yanke 20408, a haɗa da 122449, baƙuwa ba za ta fito ba,
142857 ɗin ce za ta dawo, kamar ba ta je ko'ina ba.
Don haka tana cikin lambobin Kaprekar ma, ba Harshad kaɗai ba,
Sai dai sunayen nan ado ne, ba su amsa tambayar Malam ba.
Asalin yana wurin bakwai, domin in an raba ɗaya gida bakwai, rabon ba zai ƙare ba,
0.142857 zai yi ta maimaituwa, ba zai taɓa tsayawa ba.
Ragowar da ake samu su ne 3, 2, 6, 4, 5, sannan 1, ba a tsallake ko ɗaya ba,
Saboda haka wanda ya raba biyu ko uku gida bakwai bai bar wannan da'irar ba,
Mashigarsa ce kawai ta bambanta, ba hanyar ba.

Malamin Lissafi:

Baba, Allah ya ƙara sani, wannan amsar ce nake jira,
Ragowa shida, kuma duk an taka su kafin a rufe da'ira.
Ba kowace lamba ke da wannan hali ba, in kun lura,
In an raba ɗaya gida 13, ragowar na komawa bayan taki shida, ta bar wasu shida a saura.
17 kuwa sai ta yi taki 16 kafin ta koma inda ta fara,
Ɗaliba, ki raba ɗaya gida 17, ki kawo mana lambar a baiti, muna saurara.