Kwanon da uwa ta bari: me kuka tarar bayan rasuwarta?

Autar Inna, Jahun, Bauchi:
Assalamu alaikum. Yau kwana arba'in da rasuwar mahaifiyarmu. Inna ta fi shekara talatin tana suyar masa a ƙofar gida, da kuɗin masar aka yi mana kayan ɗaki mu uku. Ashe kullum kafin ta sayar da ko ɗaya sai ta cika kwano huɗu ta tura gefe. Ranar sadakar uku wani dattijo makaho ya zo, jikansa na riƙe da sandarsa, ya ce shekara goma sha ɗaya da masarta yake karyawa. Almajirin da ke kai masa ne ya nuna mana sauran gidaje ukun. Ni da muke kwana ɗaki ɗaya da ita ban taɓa ji daga bakinta ba. Don Allah wanda ya rasa uwa ko goggo, me kuka tarar bayanta, kuma ya kuka yi da shi?

Ɗan Bolari, Gombe:
Allah ya jiƙan Goggo. Auta, ga wani kwanon da ba ki sani ba, don lokacin kina goye. A 1996 da aka cire Gombe daga jihar Bauchi, aka mayar da Baba aiki Gombe, sai ya bar ni hannun yayarsa in ƙarasa firamare. Shekara uku na yi a ɗakinta. Ni ake fara zuba wa tuwo kafin yayyenki, har suna kishi. In an yi hutu ita da kanta ke raka ni tasha, ta ƙulla min ƙuli-ƙuli da yaji, ta ja wa direba kunne kada ya bar ni in sauka a Alƙaleri ko da an tsaya sallah, sai in yana riƙe da hannuna.

Duk wata Baba na aiko mata kuɗin abincina. Ko kwabo ba ta taɓa ba. Adashi ta riƙa zubawa, in ta ɗauka ta sayi 'yar akuya, akuya ta zama tumaki. Ana saura mako biyu ɗaurin aurena ta kira ni ɗaki ta miƙo min ƙullin, ta ce kuɗina ne, in cika sadaki. Na yi kuka a gabanta, ta ce in share kada matan gida su gani.

Maman Husna, Azare:
Mu kuma bashi muka tarar, amma wanda ake bin mutane. Mata suka yi ta zuwa, wannan da dubu biyu, waccan da mudun gero, suna cewa na Hajiya ne. Wata ta taho daga ƙauye tana jan tunkiya da 'ya'ya biyu da aka ba ta kiwo. Yayanmu ya so ya ce kowa ya riƙe, malamin da ya raba mana gado ya ce a dakata. Wannan duk dukiyar mamaciya ce: a biya bashin da ke kanta, a zartar da wasiyya in ba ta haura kashi ɗaya cikin uku ba, sannan a raba, wanda ya ga dama ya yafe nasa. Da yake akwai maraya ƙarami a cikin magada, an cire masa nasa cif. Mu manya muka bar wa matar tunkiyar. Auta, ku kula da wannan kafin ku taɓa jarin masar.

Wani daga Kumo:
Ni yafendona ce ta riƙe ni, ƙanwar mahaifiyata Dada, tun ina shekara huɗu. Da ta rasu ne na san nauyin hadisin da ke cikin Bukhari, cewa 'yar uwar uwa tana matsayin uwa. Laifina da nake faɗa har yau: tana da ƙawaye biyu tsofaffi da take kai wa naman layya duk shekara, ni kuwa na yi Sallah biyu ban tuna da su ba. Sai a wajen karatu na ji yadda Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yake yanka akuya ya aika wa ƙawayen Nana Khadija bayan rasuwarta. Da na je, ɗaya ta riga ta rasu. Ɗayar ta kama hannuna ta kira ni da sunan da yafendo kaɗai ke kirana da shi.

Autar Inna, Jahun, Bauchi:
Yaya, wallahi ban san zancen sadakin nan ba, na karanta wa Anti Babba duk muka yi ta hawaye. Maman Husna, na gode, an riga an ƙiyasta tanda da tukwane cikin gado, Anti Babba ta karɓe su a kasonta. Ita ke suyar yanzu, mu kuma muna haɗa kuɗin shinkafar kwano huɗun duk wata. Jiya na kai wa dattijon da kaina. Ya gutsura, ya daɗe yana tauna, ya ce hannun ya canja amma miyar taushen tata ce, sannan ya tambaye ni ko har yanzu kujerarta na nan bakin murhu.