Rijiyar burtsatse tana warin fetur a kusa da gidan mai: ta ina za a fara?

Mai kula da shaguna:
Assalamu alaikum. Ina kula da wani rukunin shaguna wanda katanga ce kawai ta raba shi da gidan mai. Tun da damina ta kankama ruwan burtsatsenmu ya fara warin fetur, kuma idan aka tara shi a bokiti aka bari ya kwanta, sai a ga wani maiƙo mai launi-launi a samansa. Masu gidan man sun ce tankunansu lafiya lau suke, wani mai haƙar rijiya kuma ya ce mu ƙara zurfi. A cikin 'yan hayarmu akwai mai sayar da abinci. Masana, ta ina za mu fara?

Injiniyan ruwa:
Wa alaikumus salam. Malam, a dakatar da amfani da ruwan nan tun yau, kuma kada a ƙara zurfin rijiyar. Fetur bai kai ruwa nauyi ba, don haka idan ya zurara daga tankin ƙarƙashin ƙasa sai ya sauka ya kwanta a saman ruwan da ke ƙasa, yana sakin sinadarai irin su benzin suna narkewa a ciki. Idan damina ta ɗaga ruwan, sai ya wanko man da ya daɗe maƙale a cikin ƙasa, shi ya sa warin ya fito muku yanzu. Wanda ya huda wannan wuri ya zarce ƙasa ba tare da ya toshe gefen bututunsa da siminti ba, ya buɗe wa gurɓataccen ruwa hanyar sauka zuwa mai tsabta.

Abin da ake yi shi ne a haƙa ƙananan rijiyoyin sa ido, aƙalla guda uku, domin da su ake gane inda ruwan ƙasa ya nufa da kuma inda man ya fito. A kowace rijiya ana auna kaurin man da ke yawo a sama, a ɗebi ruwa a ƙaramar kwalbar gilashi a cika ta taf ba tare da kumfar iska ba, a sa a ƙanƙara a kai ɗakin gwaji, sannan a maimaita a rani da damina. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na iyakar benzin a ruwan sha shi ne maikirogiram 10 a kowace lita. A rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni, an samu rijiyoyin garin Nisisioken Ogale sun ninka wannan ma'auni fiye da sau 900, ga tataccen mai mai kaurin santimita 8 a saman ruwan ƙasa, mutane kuwa suna sha.

Tsohon manajan gidan mai:
Injiniya ya yi bayani mai gamsarwa. Abin da zan ƙara, Malam, shi ne kada ka gamsu da maganar baki. Kowane gidan mai yana zura sandar awo a tankinsa safe da yamma, yana kwatanta abin da ya rage da abin da famfo ya sayar. Idan giɓin ya ɗore kullum, akwai yoyo, kuma sau da yawa a mahaɗar bututu yake ko a bakin tanki inda tankar mai ke juyewa. Ku rubuta koke ga hukumar NMDPRA, wadda ke ba gidajen mai lasisi tun bayan dokar man fetur ta 2021, da kuma hukumar NOSDRA mai kula da malalar mai, ku nemi a yi wa tankunan da bututun gwajin matsin iska a gabanku.

Mai kula da shaguna:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Mai abincin tana tambaya ko tafasa ruwan zai wadatar kafin a gyara.

Injiniyan ruwa:
A gaya wa Hajiya tafasawa ba mafita ba ce, domin benzin yana tashi da tururi ta shaƙe shi a ɗakin girki, kuma sinadari ne da aka tabbatar yana jawo sankarar jini. Ta sayi ruwa daga nesa.

Gyara kuwa ba ya farawa sai an toshe yoyon. Daga nan a tsotse man da ke yawo a sama, a kwashe ƙasar da ta jiƙe da shi a gefen tanki, a hura iska cikin ruwan ƙasa a zuƙe tururin man ta wasu bututun, ruwan da aka jawo kuma a tace shi da gawayi na musamman. Ragowar man kuwa, ƙwayoyin halittar cikin ƙasa ne ke cinye shi a hankali idan suna samun iska. Aikin shekaru ne, mutanen Baruwa a Legas sun ga haka, domin rijiyoyinsu sun gurɓace daga yoyon bututun mai tun shekarun 1990 kuma matsalar ta daɗe tana binsu. Kuɗin aikin yana wuyan wanda ya gurɓata ruwan, don haka ku adana sakamakon gwajin farko da kwanan watansa, ku kuma sanar da maƙwabtan da ke da rijiyoyi ta ɓangaren gangare su ma a gwada nasu.