Murhun gashi ɗaya, maƙwabta ashirin: yaya ake tsara abin?

Baƙuwar_Bene:
Assalamu alaikum. Gidan bene ne na haya a ƙasar waje, mazaunansa kusan duk baƙi ne daga ƙasashe daban-daban, kuma akwai murhun gashi na gawayi guda ɗaya a farfajiya. Ana so a yi karo-karo a gasa nama, mutum 20 har da yara. Wasu ba sa cin alade, wasu ba sa cin nama sam. Nama nawa za a saya, kuma me ya fi ɓata irin wannan taro?

Mai_Garwashi:
Wa alaikumus salam, Malama. Ki lissafa giram 250 na tsoka ga kowane babba, 400 in da ƙashi, yara rabin haka. Kilo 5 na tsoka zai wadatar idan akwai burodi da kayan lambu. Gawayi kilo 5 zuwa 6, gara ya yi saura.

Wutar ce ke ba da matsala. A hura ta minti 30 kafin a ɗora komai, a jira harshen wuta ya kwanta, garwashi ya yi farar toka a sama. Sai a tara garwashin a gefe ɗaya, a bar ɗaya gefen babu komai. Gefen zafi na gasa bayan nama ne, ɗayan kuma nan kaza za ta ƙarasa dahuwa a hankali da murfi a rufe. Wanda ya baje garwashi ko'ina ba shi da inda zai janye nama idan kitse ya ɗiga wuta ta tashi, daga nan sai bayan naman ya ƙone, jikin ƙashi kuwa da jini. Launi yana yaudara, a samu ma'aunin zafi na nama: kaza 74°C a wuri mafi kauri, niƙaƙƙen nama 71°C. Miyar shafawa mai sukari ko zuma kuma a bar ta sai mintuna 5 na ƙarshe, tana saurin babbakewa.

Uwar_Biyu:
Batun wanda ba ya cin wani abu, a kashe maganar tun wajen karɓar kuɗi, kada a bari sai an hura wuta. Cewa “ai wuta ta cinye maiƙon” ba ya kwantar wa kowa hankali, kuma wanda bai gamsu ba shiru zai yi ya ci burodi ya tafi. Abin da ya fi sauƙi shi ne raga biyu, kowacce da alamarta da abin juya namanta. In raga ɗaya ce, a kankare ta da zafinta, a sa tiren alminiyam mai rami-rami, a bi jeri: kayan lambu da farko, sai naman da kowa ke ci, sauran a ƙarshe.

Farantin da ya ɗauko ɗanyen nama kada ya karɓi gasasshe. Ɗanye ya zauna a firji ko cikin ƙanƙara, ana ɗebo na ɗorawa ɗaya kawai. Dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a waje, awa 1 idan zafi ya haura 32°C.

Mai_Garwashi:
Gaskiyarki. A kuma duba ragar bayan an goge ta da burushin waya, silinsa kan karye ya maƙale a nama.

Tsohon_Ɗan_Haya:
Kafin a sayi ko gishiri, a karanta dokar gidan ko a tambayi mai kula da shi. A Jamus daga ƙarfe 10 na dare lokacin shiru ne, a Amurka kuwa gidajen haya da yawa sun hana gawayi a baranda. A liƙa sanarwa a ƙofar shiga kwana biyu ko uku kafin ranar, don masu shanya da masu tagogi na kusa.

Murhu ya yi nesa da bango kamar mita 3. Idan ruwa ya sauko, kada wani ya ce a ja shi cikin gareji ko ƙarƙashin matakala: gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, ko da ya yi kamar ya mutu. Kada a ƙara man kunna wuta a kan garwashi mai ci. Wutar kitse kuma ba a watsa mata ruwa, murfi ake rufewa a toshe ramukan iska.

Toka ta huce awa 48 a bokitin ƙarfe kafin ta shiga kwandon shara na roba. A rubuta sunan mai kwashe ta da mai wanke raga tun ranar karo-karo, don da an ƙoshi kowa hawa sama yake yi.