Wane jerin kod zan riƙa maimaitawa domin in daina dogara da taransifos a waƙoƙin bishara?

Ɗan Kagoro, Fot Sudan

Salama a gare ku, iyayena da yayyena. Ni ne nake riƙe da fiyano a wata ƙaramar zumuntar masu bi da ke taruwa a nan Fot Sudan, yawancinmu masu jin Hausa ne daga Najeriya, wasu kuma sun taso daga Khartum bayan ɓarkewar yaƙi a watan Afrilun 2023. Da yake Lahadi ranar aiki ce a ƙasar nan, da yamma muke sujada, kuma ba ma samun lokacin gwaji kafin a fara. Damuwata ita ce hannuna ya saba da gida ɗaya tak, abin da makaɗa ke kira ki, wato gidan C, inda maɓallan duka farare ne. Idan mai jagorar waƙa ta ɗauko waƙa a wani gida dabam, sai in shiga danna taransifos, maɓallin da ke ɗaga sautin fiyano ko sauke shi ba tare da hannu ya canza wuri ba, ina ƙarawa ina ragewa har sauti ya dace, kafin nan kuwa baitin farko ya wuce jama'a na waƙa ba kiɗa. Fiyanon ƙaramar Yamaha ce mai maɓallai 61. Ina roƙon masu sani su nuna mini jerin kod, wato sautukan da ake bugawa tare lokaci guda, da makaɗan bishara ke maimaitawa domin hannu ya zauna, da kuma gidan da ya kamata in koma bayan C. In riƙa bin gidaje 12 duka kullum, ko in tsaya a ɗaya har sai ya kama?

Malamin Solfa, Atbara

Salama, ɗana. Abu na farko, ka daina haddace kod da sunayensu, ka koma haddace su da lamba. Kowane gida yana da sautuka bakwai, do, re, mi, fa, so, la, ti, kamar yadda muke rera su a majami'un gida, kuma a kan kowane sauti ake gina kod guda. Na 1 da na 4 da na 5 mejo ne, masu sautin walwala, na 2 da na 3 da na 6 maino ne, masu sautin juyayi, na 7 kuwa ƙuntatacce ne wanda ba a daɗewa a kansa. Wannan tsari ba ya canzawa ko da wane gida ka shiga, shi ya sa wanda ya riƙe lamba yake iya bin waƙar da bai taɓa ji ba.

Shawarata ka koma gidan Eb, domin makaɗan bishara, musamman waɗanda suka gaji salon majami'un baƙaƙen fata na Amurka, suna yawan zama a gidajen filat, masu yawan baƙaƙen maɓallai, irin su Eb da Ab da Db. A gidan Eb, kod na 1 shi ne Eb, G, Bb; na 4 shi ne Ab, C, Eb; na 5 kuma Bb, D, F. Ka fara da 1, 4, 5, 1, hannun hagu yana buga sautin tushe guda ɗaya, hannun dama yana riƙe sautuka uku. Kada ka riƙa ɗauke hannun dama kana tsalle daga wannan kod zuwa wancan. Daga na 1 zuwa na 4, yatsan da ke kan Eb ya tsaya inda yake, G ya hau Ab, Bb ya hau C, ka ga kod ya canza hannu bai bar wurinsa ba. Da wannan kaɗai za ka raka mafi yawan abin da ke cikin Littafin Waƙoƙi, har da Amin ɗin ƙarshe, wanda ba komai ba ne illa 4 ya sauko kan 1.

Idan wannan ya zauna, sai ka ƙara 1, 6, 2, 5, wato Eb, C maino, F maino, Bb, kana zagayawa ba tsayawa. Daga nan ka shiga 2, 5, 1 da sauti na bakwai a kan kowane kod, ana ƙirgawa daga tushen kod ɗin, wanda a ganina shi ne ginshiƙin kiɗan bishara gaba ɗaya. Ga yadda za ka gane daɗinsa: hagu ya buga F, dama ya riƙe Ab da Eb kawai. Hagu ya koma Bb, sai Ab ya tsaya, Eb ya sauko rabin taki, wato maɓalli ɗaya tak, zuwa D. Hagu ya koma Eb, sai D ya tsaya, Ab ya sauko zuwa G. Yatsa ɗaya ne kawai na hannun dama ke motsi a kowane sauyi, amma kunne yana jin waƙa ta iso gida.

Game da tambayarka ta ƙarshe, ni dai ban yarda da bin gidaje 12 a zama ɗaya ga mai farawa ba. Ka ba Eb wata guda cur, ka mayar da duk waƙar da ka iya a C zuwa can, ka sa metronom, na'urar ƙidaya bugu, a bugu 60 a minti, kuma ka riƙa kiran lambar da baki kafin yatsa ya sauka. Ko an ɗauke wuta kada gwaji ya tsaya. Ka ɗora hannu a kan maɓallai a kashe kana rera solfa, wato do, re, mi, domin siffar kod ce muke so ta shiga yatsu.

Mai Org na Gadarif

Assalamu alaikum. Ni Musulmi ne, haifaffen nan Gadarif, org, wato fiyanon lantarki, nake bugawa a wuraren biki, amma na daɗe ina sauraren makaɗan bishara saboda yadda suke cika waƙa da kod, don haka ku ba ni dama in sa baki. Ɗan'uwa, tun da a Sudan kake zaune, kunnenka yana shan sullam humasi kullum a raksha, wato keke mai ƙafa uku, da kasuwa da rediyo, wato tsani mai sautuka biyar wanda yawancin waƙoƙin ƙasar nan suka ginu a kai. Baƙaƙen maɓallai biyar da kake gudu, Gb, Ab, Bb, Db da Eb, su ne wannan tsanin daidai a gidan Gb: do, re, mi, so, la, babu fa babu ti. Saboda haka ni da zan ba ka shawara, Gb zan ce ka gwada tare da Eb ɗin da Malam ya ba ka, domin duk inda yatsanka ya faɗa a kan baƙi ba za ka fita daga gida ba, kuma tsoron baƙaƙen zai fita daga ranka da wuri.

Akwai abin da na lura da shi idan ana raka waƙa mai sautuka biyar, kuma na san amshin Hausa da yawa haka suke tafiya. Kod na 1 da na 6 suna zama lafiya lau, domin duk sautukansu suna cikin biyar ɗin. Na 5 ne ke kawo ti, wanda masu waƙar ba sa rerawa, sai ka ji kiɗa ya ɗauki wani launi da ba na waƙar ba. A irin wannan wuri nakan cire F daga kod ɗin Db in sa Gb a madadinsa, ya zama Db, Gb, Ab, sai ya rataya yana jiran komawa gida ba tare da ya yi karo da murya ba.

Ka kuma kiyaye idan za ka yi kiɗa da ɗan Sudan. A wurinmu do kullum C ne, re kullum D ne, ba sa matsawa, kuma Eb mi bemol muke ce masa. A wurinku kuwa do yana bin gidan da aka shiga. Idan ba ku daidaita wannan tun farko ba, kowa zai ce do amma yatsunku suna wurare biyu.

Ɗalibar Kiɗa, Kasala

Salama. Baba Malamin Solfa, a gafarce ni, ina da ɗan bambancin ra'ayi a kan zama a gida ɗaya wata guda. Ɗan'uwanmu yana da sujada kowane mako, kuma mai jagorar waƙa ba za ta jira shi ya gama Eb ba. Abin da nake gani shi ne ya ba gida ɗaya mafi yawan lokacinsa kamar yadda ka ce, amma ya ware minti goma a ƙarshe ya zagaya da 2, 5, 1 kaɗai ta hanyar da'irar huɗu-huɗu: C, F, Bb, Eb, Ab, Db, Gb, B, E, A, D, G, ya dawo C. Hikimar wannan tsari ita ce kod na 1 na kowane gida shi ne na 5 na gidan da ke biye, don haka hannu ba ya yin nisa.

Sannan matsalar da ya kawo rabinta ta kunne ce. Yayana, idan aka ɗauko waƙa kada ka nemi sautin farko, domin waƙa tana iya farawa a mi ko so. Ka saurari inda layin yake hutawa, ka rera wannan sautin a hankali, ka neme shi da yatsa ɗaya a hagu da ƙaramar murya. Shi ne do. Mafi sauƙi ma, ku yi magana da mai jagorar kafin sujada, ka riƙa ba ta kod na 1 tukuna ta ɗauka daga nan, ku kuma rubuta gidan da ya dace da muryar jama'a a gefen kowace waƙa.

Ɗan Kagoro, Fot Sudan

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na gwada 2, 5, 1 a Eb da sautuka biyun nan kuma na ji bambancin nan take. Baba, saura abu ɗaya: akwai wani juyi da nake ji makaɗa suna yi kafin waƙa ta faɗa kod na 6, mai ɗan nauyi kamar ana jan zuciya. Mene ne shi, kuma ya dace in fara shi yanzu?

Malamin Solfa, Atbara

Abin da kake ji shi ne 7, 3, 6, ɗana. A gidan Eb, hagu ya buga D, dama ya riƙe F, Ab, C. Sai hagu ya koma G, dama ya riƙe F da B. Sannan ka sauka a C maino. Wannan B ɗin ba ɗan gida ba ne, aro shi aka yi, kuma shi ne yake jan kunne zuwa C da ke rabin taki a samansa. Idan ka ɗora 2, 5, 1 a bayansa ka sami doguwar hanya ta 7, 3, 6, 2, 5, 1, wadda za ka iya maimaitawa a matsayin gwaji guda. Ka fara ta a ɗaki tun yanzu, amma kada ka kai ta sujada sai ka iya yin ta a bugu 60 ba tare da duban hannu ba, kuma ka sa ta a wurin da jama'a suka ja numfashi tsakanin layi da layi, domin idan suna riƙe da so, wato Bb, kai kuma ka buga B, sautukan biyu za su yi karo. 'Yata ta Kasala, na karɓi gyaranki a kan minti goman nan, da sharaɗin taransifos ya zauna a sifiri duk lokacin gwaji.