Ta yaya zan sa su karanta binciken nan?

Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Na gama bincikena na digiri akan itatuwan inuwa da filayen wasan yara a ƙauyukanmu na wajen Gumel, darbejiya da tsamiya da gawo da ake ta sarewa ana gawayi, filin ƙwallo ma an fara yanka shi fulotai. Wallahi akwai abin amfani a ciki, musamman maganar gawo, shi da damina yake zubar da ganye, baya tare wa gero rana kuma ganyen taki ne.

To matsalar shafi 80 ne kuma da turanci. Na kai wa malamin gona da wani ma'aikacin gandun daji, wata biyu kenan ko buɗewa basu yi ba, ni dai ban ga laifinsu ba, mutum ɗaya da babur yana zagaye ƙauyuka ina zai samu lokaci. Na tura a guruf ɗin WhatsApp, shiru kamar an shuka dusa.

Saƙon murya zan yi da Hausa, ko takarda ɗaya tal in kai wa maigari a karanta bayan Juma'a? Wanda ya taɓa gwadawa ya taimaka, damina ta kusa kuma lokacin dashe kenan.