Taƙaitawa: abin da ake zubawa a safar Kirsimeti

An tattauna kan abin da ya dace a zuba a safar da ake rataye wa yara, a cika ta da ƙananan kyaututtuka, daren 24 ga Disamba a Amurka da Ingila. Ga inda aka tsaya.

1. An yarda lemu ya fara shiga, ya cike ƙasan safar. Sai alewa, fensir da buroshin haƙori.
2. Cakulan yana narkewa kusa da murhun ɗumama ɗaki, inda aka saba rataye safar, a jira wuta ta mutu kafin a saka shi.
3. Yaron da bai kai shekara 3 ba, ban da maganaɗisu da batiri mai kamar maɓalli. Batirin nan, in aka haɗiye, yana iya ƙona maƙogwaro cikin awa 2.
4. A kuɗi aka rabu: wasu dala 15 kowane yaro, wasu har 50. Masu 15 sun ce babbar kyauta tana ƙarƙashin bishiyar Kirsimeti da ake ƙawatawa a cikin gida.