Sito a tsakiyar unguwa: wa ke ba da izini, ƙaramar hukuma ko jiha?

Baban Walida

Assalamu alaikum jama'a. Masu sani su haska mini. Ina zaune a wata sabuwar unguwa a gefen Kano, ta ɓangaren titin Katsina, ba nisa da kasuwar Dawanau. Lokacin da muka tare, gonakin dawa ne a bayanmu. Akwai wani makeken fili da magada suka sayar, aka ce fulotai za a yanka a yi gidaje, har muna murna za mu sami maƙwabta, ɓarayin dare su rage mana. Bayan babbar sallah sai ga tifofi suna sauke yashi da dutse, aka ja doguwar katanga, aka kafa ginshiƙan ƙarfe. Leburorin suka ce sito ne, na riɗi da zoɓo da citta.

Ni ba na baƙin ciki da arzikin kowa, Allah ya ƙara masa. Amma layinmu ko ƙananan motoci biyu sai ɗaya ta raɓe, ina tirela za ta bi? A bakin layin Islamiyyar yaranmu take. Abin da ya fi hana ni barci kuwa, katangar ta hau kan hanyar da ruwa ke bi ya gangara kwari, gidana kuma shi ne na ƙasa. Mai unguwa ya ce shi shaida kawai ya yi a cinikin. Kansila ya ce zai kai wa ciyaman. Wakilin mai ginin ya ce suna da takarda "daga sama". Ina ne saman? Kuma ba an ce kotu ta ba ƙananan hukumomi 'yanci ba?

Tsohon Safiyo

Wa'alaikumus salam, Malam. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 a kan kuɗi ne, wato kasonsu ya riƙa zuwa musu kai tsaye, da kuma zaɓaɓɓun shugabanni maimakon kantomomi. Bai taɓa maganar ƙasa ba. Ƙasa har gobe tana ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Duk yankin da gwamna ya ayyana birni ne, shi ke ba da takardar shaidar mallaka. Ƙaramar hukuma ikonta a wajen birni yake, takardar mallaka ta gargajiya take bayarwa, yawanci don noma ko gidan zama. To birnin Kano ya daɗe da fantsama, kusan duk inda kuke kira sabuwar unguwa idon jiha na kansa.

Kuma takarda biyu ce, mutane suna haɗa su. Mallakar fili daban, izinin gini daban. Ta farko daga ma'aikatar ƙasa take fitowa, kuma a jikinta an rubuta abin da aka ba da filin dominsa: zama, kasuwanci, masana'anta ko noma. Wanda ke son mayar da filin zama sito sai ya nemi a sauya masa manufa, ya biya. Ta biyu ita ce amincewa da zanen ginin, wannan aikin KNUPDA ne, hukumar tsara birane ta jihar Kano, wadda a da ake kira KASEPPA. Su ke duba tazarar gini da titi, da magudanar ruwa, da inda motoci za su juya. Don haka tambayarku ga wakilin nan ita ce: takardar wace ce a cikin biyun, kuma me aka rubuta a gurbin manufa? Sau da yawa na ga mutum yana ɗaga takardar ciniki mai sa hannun dagaci yana cewa izini ne.

Kada dai ku raina sakatariya. Tsarin mulkin 1999 ya sa titunan unguwa da magudanan ruwa cikin ayyukan ƙaramar hukuma, saboda haka wasiƙar ciyaman a kan hanyar ruwan nan tana da nauyi in an haɗa ta da kokenku. A rubuce za ku yi, da sa hannun magidanta da hotuna, ku karɓi kwafi mai hatimi. Ku yi kafin a ɗora rufi.

Maman Sadik

Baban Walida, kafin ku kira jami'ai, ku naku gidajen awon gwamnati ne ko awon igiya? Ba gori nake yi ba, ni ma a awon igiya nake. Layin da ka ce mota biyu ba sa wucewa, ai dillalai ne suka matse shi don su fitar da ƙarin fuloti, mu kuma muka saya saboda sauƙi. A unguwar yayata sun kai ƙarar wani mai gidan buredi, da aka zo dubawa sai jan fenti ya hau katangar mutum huɗu cikin masu ƙarar, don sun ci titi da dakali da shago. In za ka tona rami, tona gajere.

Amma maganar ruwa kam kada ku yi wasa da ita. Kowa ya ga abin da ya faru a Kantin Kwari a damunar 2022, atamfofi da shaddodi suna iyo, 'yan kasuwar da kansu suka ɗora laifin kan gine-ginen da aka dasa a hanyoyin ruwa. Shi ma mai siton ku tuna masa takarda ba ta hana rusau. Masu shagunan filin Idi da aka rushe a 2023 ai sun ce da takardunsu. Kotu ta yanke a biya su naira biliyan 30, aka ƙare da sulhu a kan biliyan 3.

Ɗan Dawanau

Ranka ya daɗe, ku ji ta ɓangarenmu. Kasuwa ta cika, kaya kuma ƙaruwa suke, zoɓon nan har Meziko ake kai shi. Ga tashar Dala ta kan tudu, ta shigo da kaya da fitar da su ƙasashen waje, da aka buɗe a Zawaciki a farkon 2023. Dole sito ya fito waje. In ya zauna, 'yan dako da mata masu tsince riɗi da masu abinci daga unguwarku za a fara ɗauka. Alhazan nan kuma ba sa son rigima, tirela ɗaya ta maƙale a taɓo asarar ta fi kuɗin kwalbati. Ku tura dattawa wajen shi kansa, ba wakili ba.

Baban Walida

Na gode ƙwarai. Hajiya, awon igiya ne, ba zan ɓoye ba, ko da yake ni ban ci titi ba, dakalina ma a cikin soro yake. Ɗan Dawanau, aikin yi ba ma ƙin sa, amma da aka tsara Sharaɗa da Chalawa da Bompai ai don kada masana'anta ta kwana a jikin ɗakin yara aka yi. Ga kuma maganin ƙwarin da ake turara wa kaya, tagar ɗakin iyalina tana kallon katangar.

Mun zauna bayan isha'i a ƙofar masallaci. Abin da muka tsayar: mai siton ya buɗe ƙofarsa ta bayan fili inda babu gidaje, ya gina lambatu mai siminti har kwari, kuma ban da lodi a lokacin tashin Islamiyya. Liman da mai unguwa za su je. In ya ƙi, sai koke. Baba Safiyo, in ya yarda, yarjejeniyar baki a gaban dagaci ta isa?

Tsohon Safiyo

Ba ta isa ba. Sito yana sauya hannu, wanda ya saya gobe zai ce bai san zancen ba. Lauya ya rubuta, kowa ya sa hannu, dagaci da hakimi su shaida. Mafi ƙarfi shi ne ƙofar bayan da lambatun su shiga cikin zanen da aka amince da shi, don shi jami'ai ke buɗewa in an zo dubawa. Sannan ku auna faɗin layinku da tef yanzu, ku rubuta, ku ɗauki hoton inda ruwa ke bi tun alamar damunar bara ba ta goge ba.